Shagon Gyaran Gashi: Yaya Za A Biya Masu Taya Aiki?

Duk wanda ya bi ta Sabon Tasha ko Narayi a Kaduna, ko Tudun Wada a Jos, ko Sabon Garin Kano, ko Jimeta, ba zai yi nisa ba sai ya ga allon shagon gyaran gashi, ga hotunan kitso iri iri an manna a jikin ƙofa. Sana'a ce da mata da yawa cikin ikilisiyoyinmu suka runguma, waɗansu da kuɗin adashi, waɗansu da kuɗin sallama bayan barin aiki, waɗansu kuwa da ɗan rancen da suka samu wurin Zumuntar Mata. To, hannu biyu ba su kitsa kai uku a lokaci ɗaya, saboda haka da zarar shago ya fara samun jama'a sai mai shi ta nemi masu taya ta. A nan ne fa ake fara tuntuɓe. Mai shago takan san kuɗin hayar shekara har kwabo, ta san nawa ta sayi madubi da kujeru da na'urar busar da gashi da janareta, amma in aka tambaye ta yadda ta shirya biyan yarinyar da za ta tsaya mata tun safe har dare, sai ta ce, "Ai za mu daidaita."

Wannan "za mu daidaita" ta raba zumunci ba kaɗan ba, har takan kai mata biyu da suke waƙa a ƙungiya ɗaya su daina gaisawa a bakin majami'a. Dalili kuwa shi ne, kowace hanyar biya da aka ɗauka amsa ce ga tambaya guda: in kasuwa ta yi sanyi, wa za ta ɗauki asarar, mai shago, ko ma'aikaciya, ko su biyun? Wadda ba ta amsa wannan a fili ba tun ranar farko, watan Janairu zai amsa mata, kuma galibi a kan yarinyar nauyin yake faɗawa.

Mun ambaci Janairu ne da gangan, domin sana'ar nan ba ta tafiya bai ɗaya. A watan Disamba, ga Kirsimeti, ga bukukuwan aure, ga masu shirin tafiya gida ƙauye, sai a kwana ana kitso da hasken janareta. Makon Ista ma haka, da kwanakin da suka gabaci Salla a shagon da maƙwabta Musulmi suke zuwa ƙunshi da gyaran kai. Amma da shigowar Janairu, da kuma Satumba, lokacin da kuɗin makaranta ya tsaya wa kowa a wuya, sai a wuni ana korar ƙuda. Ko a cikin mako ɗaya ma, Juma'a da Asabar ba a samun wurin zama, Litinin da Talata kuwa shiru kake ji. Haya dai ba ta san da wannan ba, cikin ma'aikaciya ma bai san da shi ba.

Hanyar da aka fi sani ita ce albashin wata, watau a yanke wani adadi, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Alherinsa ga ma'aikaciya a fili yake: ta san abin da za ta karɓa, tana iya shiga adashi, tana iya yi wa mai gidan haya alkawari. Mai shago ce take ɗauke da asarar watan da babu kasuwa. Sai dai ana yawan jin masu shaguna suna kukan cewa mai albashi ba ta da zafin nama, ko kai biyu ta yi ko bakwai duk ɗaya ne a wurinta. Akwai gaskiya a ciki, amma rabinta ce. Ɗaya rabin shi ne, yarinyar da ta kitsa kai bakwai ranar jajibirin Kirsimeti har yatsunta suka kumbura, ta kuma ga kuɗin da suka shiga aljihun uwar ɗakinta, sa'an nan aka miƙa mata daidai abin da aka ba ta a watan da ta wuni tana hamma, ba ta bukatar kowa ya koya mata sanyin jiki.

Hanya ta biyu ita ce la'ada, wadda aka fi kira kamasho: ba albashi, sai dai a raba kuɗin kowane aiki, ma'aikaciya ta ɗauki kasonta. Masu shaguna suna sonta domin ba a bin su kome ran da ba a yi ciniki ba, ƙwararrun makitsa ma sukan so ta domin sun amince da hannunsu. Amma akwai wani rami a cikinta da ya kamata mu tsaya a kansa, domin shi ne tushen yawancin rigimar da ake yi. Kashi nawa, daga cikin me?

Bari mu yi misali. A ce wata ta zo kitso da gashin ƙari, wanda ake ce wa gashin doki, ta biya N12,000 gaba ɗaya. Gashin nan shago ne ya saye shi N5,000. An yi da ma'aikaciya cewa nata kashi 40 cikin 100 ne. In daga kuɗin da aka biya dungum za a cire, nata N4,800 ke nan, mai shago kuwa bayan ta fitar da kuɗin gashi sai ta tashi da N2,200, a ciki za ta sayi man janareta da ruwa da sabulu, ta tara na haya, ta biya masu karɓar haraji na ƙaramar hukuma. In kuwa sai an fitar da kuɗin gashi tukuna za a raba, saura N7,000, ma'aikaciya ta sami N2,800, mai shago N4,200. Bambancin N2,000 ne a kai ɗaya tak. A yi kai talatin a wata, an sami N60,000 da kowace take ganin nata ne, kuma ba wadda ta yi ƙarya, domin abin da aka faɗa da baki kawai shi ne "kashi arba'in". A ganinmu abin da ya fi dacewa shi ne a raba kuɗin aikin hannu bayan an cire kuɗin kayan da ake iya ƙirgawa a kan mutum ɗaya, kamar gashin ƙari da man miƙar da gashi da farcen roba. Amma man fetur da ruwa da hayar shago nauyin mai shago ne, don su ne ma kasonta ya fi yawa, bai kamata ta sake cire su kafin rabo ba. In an yi haka, sai a nuna wa ma'aikaciya ainihin farashin da aka sayo kayan a kasuwa, ba a ɗora riba a kai sa'an nan a ce an raba da ita tsakani da Allah ba.

Kamasho zalla yana da wani aibi kuma. Wa zai biya sa'o'in da yarinya ta yi tana shara, tana wanke tawul, tana ɗebo ruwa, tana jiran shago yayin da Madam ta tafi kasuwa? Duk wannan aiki ne, kuma ba ya cikin rabo. In mai shago ta ce dole a iso ƙarfe takwas na safe, kada a tashi sai takwas na dare, to ta sayi lokacin mutum ke nan, ba aikin hannunta kaɗai ba, lokaci kuwa ba a karɓarsa kyauta. Bugu da ƙari, inda ma'aikata uku suke rayuwa a kan kamasho kaɗai, sai ka ga ana rige-rigen tarar baƙuwa tun daga bakin titi, ana gudun wankin kai mai arha, ana gaggauta kitso don a kama na gaba. Wadda Madam take so ita ake tura wa amare, sabuwar zuwa kuwa sai kan yara. In za a bi wannan hanya, lalle ne a sa doka ta layi, kowa da bi da bi, sai fa in mai zuwa ce da bakinta ta nemi wance.

Akwai kuma masu ba da hayar kujera: ƙwararriya ta zo da mutanenta da kayanta, ta biya wani abu a mako, saura nata ne. Wannan ba ma'aikaciya ba ce, 'yar haya ce, saboda haka ba a sa mata lokacin zuwa ko a aike ta sayen ƙanƙara. Ya dace da mai shagon da take da wuri amma ba ta da ƙarfin biyan albashi.

Mu dai abin da muka fi gamsuwa da shi ga ƙaramin shago shi ne a haɗa biyun farko: ɗan albashi tsayayye wanda ba ya motsi, sa'an nan ƙaramin kaso a kan aikin da mutum ya yi da hannunsa. Mu sake ɗaukar alƙalami. A ce a watan sanyin kasuwa aikin hannun ma'aikaciya, bayan cire kuɗin kaya, ya kawo N80,000, a Disamba kuwa ya kawo N300,000. In albashinta N50,000 ne tsayayye, mai shago za ta tsira da N30,000 a watan farko, da N250,000 a na biyu. In kamasho ne zalla na kashi 40, ma'aikaciya za ta ga N32,000 a watan farko, da N120,000 a Disamba. In kuwa aka ba ta N25,000 tsayayye da kashi 20, za ta sami N41,000 a watan wuya, da N85,000 a watan daɗi, mai shago kuma ta sami N39,000 da N215,000. Kowace ta ɗan ji zafin Janairu, kowace kuma ta ɗanɗana Disamba. Waɗannan lambobi na misali ne kurum, farashin Barnawa ba ɗaya yake da na Zonkwa ko Billiri ba. Kowa sai ta sa nata ta gani.

To, yaya za a san ƙasan da ba za a sauka ƙarƙashinsa ba? Sai a fara daga ƙafar yarinyar. In kuɗin Keke Napep zuwa da komowa N600 ne a rana, a kwana 26 ya zama N15,600, tun ba a yi maganar abincin rana ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023, kuɗin mota ya zama abin da yake cinye albashin ƙananan ma'aikata kafin ya kai gida. Wadda aka ba N20,000 alhali N15,600 na hanya ne, gaskiyar magana N4,400 take yi wa aikin wata guda. Irin wannan ce takan fara karɓar aiki a ɓoye, ko ta ɓace ran da aka fi bukatarta. In mai shago ta yi lissafi ta ga ba za ta iya riƙe mutum wata cur a kan abin da zai ciyar da shi ba, ba abin kunya ba ne. Sai ta ɗauki mai zuwa Juma'a da Asabar kaɗai, ta biya ta a ƙarshen kowace rana, sauran kwanakin yarinyar ta nemi wani abin. Wannan ya fi a ɗaure mutum kwana shida a mako da alkawarin da ba za a cika ba.

Mutane sukan tambaya, ina maganar mafi ƙarancin albashi na ƙasa? A 1981, zamanin Shugaba Shehu Shagari, an sa shi N125 a wata. Ya zama N5,500 a 2000, N18,000 a 2011, N30,000 a 2019, sa'an nan a watan Yuli na 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan N70,000. Sai dai dokar ta ware wuraren aikin da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, ta ware masu aikin wucin gadi na 'yan sa'o'i, da waɗanda ake biya ta kamasho ko jinga. Ke nan shago mai kujera uku ba ya cikin waɗanda aka tilasta wa. Duk da haka lambar tana da amfani a matsayin ma'auni: N70,000 a kwana 26 kimanin N2,700 ke nan a rana. Mai shago tana iya duba abin da ma'aikaciyarta take tashi da shi a tsawon shekara, watan daɗi da na wuya a haɗe, ta ga ina ya tsaya kusa da wannan.

Amma kada a ɗauka cewa tun da wancan bai shafi ƙaramin shago ba, ba wata doka da ta shafe shi. Dokar Ƙwadago, wadda asalinta ta 1974 ce, ba ta sa iyakar yawan ma'aikata a kan muhimman tanade-tanadenta ba. Ta ce a ba ma'aikaci takarda, kada a wuce wata uku da fara aiki, wadda ta nuna irin aikin, da yawan lada da yadda ake lissafa shi da lokacin biya, da sa'o'in aiki, da hutu, da wa'adin da za a bayar kafin rabuwa. Ta ce da kuɗi ake biyan lada, ba da atamfa ko ragowar man shafawa ba, kuma tsakanin biya da biya kada ya wuce wata ɗaya. Takardar nan ba sai an je wurin lauya ba. Shafi ɗaya na littafin rubutu ya isa, da Hausa ma in ita ce kowa ya fi ji, kowace ta sa hannu, shaida ɗaya ko biyu su sa, kowace ta riƙe kwafinta.

Wani abin da ya zama ruwan dare shi ne tara. An makara, a cire N500. An fasa madubi, a cire. Wata ta yi gunaguni kitso bai yi mata ba, a cire. Har wata ya ƙare yarinya ta tarar rabin kuɗinta ya tafi. Masu yin haka su sani doka ta hana yanke wa ma'aikaci lada da sunan tara. Ko ɓarnar da ya yi da gangan ko ta sakaci, sai jami'in ƙwadago ya yarda a rubuce kafin a cire, kuma duk abin da za a cire a wata ɗaya kada ya wuce sulusin ladan watan. Mun san ba mai zuwa ofishin ƙwadago saboda madubin N3,000, amma sanin haka ya isa ya sa mutum ya sassauta hannu. Mai yawan makara magana take bukata, in ta ƙi ji a sallame ta bisa ƙa'ida. Game da bashin albashi kuwa, wanda ba makawa sai an nema ran da uwa ta kwanta asibiti, doka ta taƙaita shi ga ladan wata ɗaya. A rubuta shi, a kuma rubuta yadda za a riƙa cirewa kaɗan kaɗan, kada ya zama igiyar da za a ɗaure mutum da ita.

Duk wannan lissafi ba ya tsayawa sai da littafi. Littafi ɗaya a kan tebur, ba a cikin jakar Madam ba: kwanan wata, irin aikin, kuɗin da aka biya, kuɗin kaya, sunan wadda ta yi. Da yamma kafin a rufe a karanta tare, kowace ta sa hannu. Ya ƙara zama dole tun farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun Naira, da mutane suka saba da tura kuɗi ta waya. Yanzu mai gyaran kai takan ce a ba ta lambar asusu, in Madam ba ta nan sai yarinya ta ba da nata, daga nan sai zargi. Maganinsa shi ne asusu ɗaya na shago, a rubuta lambarsa a manna a bango. Tukuici kuwa na wadda aka ba ne. In mai gyaran kai ta ji daɗin hannun yarinya ta ƙara mata N500, ko da ta asusun shago ta turo, a ciro a miƙa mata a ranar, kada kuma a lissafa shi cikin albashinta. Haka nan aikin gida, musamman gyaran amarya da ƙawayenta, wanda kuɗinsa yake da kauri: a yanke tun da wuri wa zai biya kuɗin mota, nawa ne kason wadda aka aika, kuma ko tana da izinin karɓar nata aikin a ranar hutunta. In ba a hana ta a takarda ba, ranar hutunta tata ce.

Sai 'yan koyo. Al'adar da aka saba ita ce iyaye su kawo yarinya, su biya kuɗin koyo, ta yi shekara ɗaya ko biyu, a yi bikin yaye ta. Ba laifi a cikin wannan, ta haka yawancin masu shagunan yau suka koya. Laifin yana zuwa ne inda aka cika shago da 'yan koyo don gudun biyan albashi. Yarinyar da ta yi wata takwas, ita take wankin kai, ita take kitson yara, ana karɓar kuɗi a kan aikinta, ta wuce mai kallo, ta zama mai kawo riba, ya kamata a fara ba ta kuɗin mota da na sabulu, da ɗan kaso a kan abin da ta yi ita kaɗai. A kuma rubuta ranar yaye tun ranar shiga, domin mun sha jin inda ake ta ɗaga ta, wai hannu bai nuna ba, alhali hannun nan ne yake riƙe da shagon. Doka ta ce yarjejeniyar koyon sana'a ta yaro mai shekara 12 zuwa 16 sai da iyaye ko mai riƙo, a rubuce, da yardar yaron, kuma kada ta wuce shekara biyar. Ga kuma dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 da ta wajabta karatu har ƙarshen ƙaramar sakandare. Yarinyar da ba ta gama aji uku ba, wurinta aji ne da safe, shago sai da yamma ko lokacin hutu.

Inda abin ya fi wuya, kuma inda ya fi shafarmu, shi ne in ma'aikaciyar ta gida ce. 'Yar ƙanwa ce aka kawo daga ƙauye, ko marainiya ce da matar fasto ta roƙa a taimaka mata, ko ɗaya daga cikin 'yan matan da rikici ya raba da garuruwansu a Borno da Adamawa ko Kudancin Kaduna. A nan kunya takan rufe bakin kowa. Uwar yarinya ta ce, "Yaya, ga 'yarki nan, ba sai mun yi maganar kuɗi ba." Mai shago ta ce, "Haba, ai gida ta zo." Shekara uku ta wuce, yarinya ta ci ta sha, an ɗinka mata kayan Kirsimeti, amma ba ta taɓa riƙe Naira dubu goma tata ta kanta ba. In aka tambaya sai a ce, "Ina tara mata ne, in aurenta ya zo zan yi mata kayan ɗaki." Wataƙila da zuciya ɗaya aka faɗa. Amma kuɗin da aka ce ana tarawa ba ya cikin kowane littafi, yana cikin jarin shago, kuma abin da N10,000 take saye a 2022 ba shi take saye a yau ba. In shagon ya karye, ko aka yi saɓani, ko mai shagon ta rasu, yarinyar ba ta da ko takarda. Abin lura kuma, Dokar Ƙwadago da kanta ta fitar da iyalin mai ba da aiki daga cikin waɗanda take kira ma'aikata, watau 'yar gida ita ce mafi rashin kariya a cikin shagon duka.

Masu karatunmu sun san wannan ba sabon labari ba ne. A Littafin Farawa sura 29, Laban ne da kansa ya ce bai kamata Yakubu ya yi masa aiki a banza don yana ɗan'uwansa ba, amma a sura 31 sai ga Yakubu yana kukan kawun nasa ya sauya masa lada har sau goma. Littafin Firistoci 19:13 da Maimaitawar Shari'a 24:14-15 sun hana a kwana da ladan ɗan ƙwadago, wasiƙar Yakubu 5:4 kuma ta yi kashedi mai zafi a kan ladan da aka danne. Ko a misalin ma'aikatan gonar inabi a Matiyu 20, kafin a shiga gona aka yanke lada da na farko, da yamma kuma aka biya. Saboda haka in da gaske ana so a tara wa yarinya, a buɗe mata asusu da sunanta, ko a sa ta cikin adashi da sunanta, ta riƙa ganin abin da yake shiga. In ana ba ta ɗaki da abinci, a faɗi a fili nawa ne kuɗin hannu da za ta riƙa karɓa bayan wannan. Mai shago ce babba, ita ya kamata ta fasa kunyar, ta ce, "Mama, don kada mu ɓata gobe, bari mu faɗi abin da zan riƙa ba ta, a gaban Baba Dattijo." Fastoci da shugabannin mata da suke kai yara irin waɗannan wurare su ma kada su tsaya ga godiya; su tambayi nawa, su kuma koma bayan wata uku su ji ko ana biya.

Akwai ranakun da ba a aiki amma ana cin abinci. Doka ta ba ma'aikaci hutun kwana ɗaya cikin bakwai, da hutun shekara na aƙalla kwana shida na aiki da cikakken lada bayan wata goma sha biyu, da kwana goma sha biyu na rashin lafiya a shekara in likita ya ba da shaida. Mai ciki tana da mako shida kafin haihuwa da shida bayanta, kuma in ta yi wata shida tana aikin, a biya ta aƙalla rabin ladanta. Ga mai ɗan albashi tsayayye wannan lissafi mai sauƙi ne, ga mai kamasho zalla kuwa sai a rasa daga ina za a fara, wanda wani dalili ne kuma na fifita haɗin nan da muka ambata. Shagon da yake buɗewa ranar Lahadi bayan sujada, sai ya ba da Litinin. Safar hannu ta roba kuma shago ne zai saya, domin man miƙar da gashi yana da sinadari mai cin fata, baƙin lalle da ake haɗawa da rinin gashi ma yakan ƙona waɗansu, kuma wadda take taɓa su sau biyar a rana hannunta ne jarinta.

Daga ƙarshe dai kowace ƙwararriya tafiya za ta yi, ko aure, ko wani shagon, ko ta buɗe nata, kamar yadda Madam ma ta bar tata uwar ɗakin. Wa'adin da doka ta sa ya hau kan ɓangarorin biyu: kwana ɗaya ga wadda ba ta wuce wata uku ba, mako ɗaya daga nan zuwa shekara biyu, mako biyu daga shekara biyu zuwa biyar, wata ɗaya ga wadda ta kai shekara biyar ko fiye. Ana iya yarda a takarda a kan wa'adin da ya fi haka tsawo, kuma mai shago tana da hujja in ta roƙi kada a bar ta a tsakiyar Disamba. Abin da ba ta da hujja a kai shi ne riƙe kuɗin watan ƙarshe don huce haushi, ko don ta ji yarinyar za ta kama shago a layi na gaba. In magana ta ƙi ƙarewa tsakaninsu, ga dattawan ikilisiya, ga shugabannin ƙungiyar masu gyaran gashi inda take akwai, ga ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a babban birnin jiha, bayansu kuma akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Ko wanne aka je a cikinsu, abin da za a fara nema a gani shi ne takardar ranar farko da littafin nan na kan tebur.